Ranar da Sai-Ni Ya Share Bikin 'Yar Mutane

Duk layin shagunan babu mai tuna sunan da aka raɗa masa. Sai-Ni ake kiransa, yana kuma amsawa har da gyara kwalar riga, don a zatonsa kirari ne. Daga bakinsa sunan ya fito. Ko rediyo ce ta ƙi magana, ko waya ta faɗa ruwa, kafin mai abu ya gama salati zai ji murya ta bayan kafaɗarsa: "Ajiye kawai. Wannan aiki sai ni."

Ya taɓa shiga makarantar koyon kwamfuta, ya fito tun ba a kai rabi ba, wai malaman sun fara koyar da abin da shi ya riga ya manta. Daga nan ya samo jaka mai aljihu barkatai, ya cika ta da sukuddireba da wayoyin da ba sa shiga komai, ya ɗora tabarau marar magani a hanci. Fankar Mai Aski ya fara gyarawa, ta koma juyawa da baya tana zuƙe iskar shagon. Wayar Tela kuwa, tun da ta bi ta hannunsa take kiran surukar mutumin da kanta.

Abu ɗaya ba za a danne masa ba, akwai wasa guda da ya iya. A kwamfutarsa akwai wani tsari da ake kira el-bi-em, mai yanka faifan ajiya ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da kayansa. Idan aka ce a rushe ɗaki, tsarin ba ya taɓa kayan ciki. Zanen ɗakin kawai yake gogewa daga taswirarsa, tsohuwar taswirar kuma ya adana ta a gefe. Sai-Ni ya tsinci wannan a wani wuri ya mayar da shi rawarsa. Sai ya tara mutane, ya rushe ɗaki a kan idonsu, ya bari su riƙe baki, sannan ya maido da tsohuwar taswira, ɗaki ya dawo da kayansa cif. A tafa masa, ya yi kwana da kwanaki ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Mijin yayarsa mai ɗaukar hoto ne, shagonsa na tsakanin na Mai Aski da na Tela. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda za a taka wa ƙafa ya ce a yi haƙuri. Kwamfutar shagonsa ta tsufa, in ka ce ta buɗe hoto kana iya zuwa ka sha ruwa ka dawo tana nan tana nishi. Da ya gaji sai ya sayo sabon faifai, irin na zamani da ake kira es-es-di, siriri, marar ƙara, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Kuskurensa ɗaya, ya faɗi haka a gida.

"Ka ba ƙanina aikin mana, Baban yara," in ji matarsa. "Ciki ɗaya muka fito. In mu ba mu ba shi ba, wa zai ba shi?"

"Tambayar da nake yi wa kaina kenan," in ji Mai Hoto. "Wa zai ba shi?"

"Au, haka za ka ce?"

"Ban ce komai ba. Fankar maƙwabcina kawai na tuna."

Ta kawar da kai, ta shiga ajiye kwanuka da ƙarfi. Kafin a kwashe kayan abinci Mai Hoto ya sallama.

Washegari ya zaunar da Sai-Ni a shago ya yi masa magana a tsanake. A cikin kwamfutar nan akwai hotunan bikin 'yar Mama mai shagon tangaran, wadda ke bakin layi. Kowa ya san Mama. Harshenta ya fi wuƙar Mai Aski kaifi, kuma 'ya ɗaya tal Allah Ya ba ta. An gama biki, ango ya ɗauke amarya zuwa wata ƙasa mai nisa inda yake aiki. Mama ba ta ga ko hoto ɗaya ba tukuna, ta ce sai ƙannenta mata sun zo sun zauna tare sun zaɓi na albam. Katin kyamarar da aka yi bikin da shi kuwa tuni an goge shi an ci gaba da aiki.

"Ka ji ni dai," in ji Mai Hoto. "Ka kwashe komai ka mayar sabon faifai. Tsohon kuma ka sa mini shi a aljihun tebur yadda yake, kada ka taɓa shi."

"Maigida, kana yi mini bayani kamar yau na fara ganin na'ura."

"Ai da yau ka fara gani da hankalina ya fi kwanciya."

Ranar aiki Sai-Ni ya iso cikin kwat na aro da laktaye ja, ga zafi ana neman inuwa. Kafin ya kwance ko sukuru ɗaya ya ce sai an ɗauke shi hoto, domin irin wannan aiki tarihi ne. Mai Hoto ya ɗauka don a zauna lafiya. Ga Sai-Ni ya dafa kwamfuta yana kallon sama. Ga shi ya ɗaga faifai da yatsu biyu. Ga shi ya cije ƙafar tabarau wai yana tunani.

Sannan ya nemi inda zai jona kwamfutarsa, ya ga wata waya a soket ya fizge ta. Ashe ita ce ta bi ta ramin bango take ba shagon aski wuta. Sai ga Mai Aski ya faɗo da mashin ɗin aski a hannu, bayansa wani bawan Allah da zane a wuya, rabin kai fes, rabin kai daji.

"Wane mara aikin yi ne ya kashe mini wuta?"

"Malam, yi a hankali, ana babban aiki a nan."

"Shi wannan kan da na bari rabi ƙaramin aiki ne? Ɗaurin aure za shi!"

"To ya juya musu ɓangaren da aka gama."

Da ƙyar Mai Hoto ya raba su. Sai-Ni ya buɗe cikin kwamfuta, ya ɗaura sabon faifai, ya kunna. Allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna, baƙi. Nan take ya yanke hukunci cewa an sayar wa mijin yayarsa jabu, ya shiga zagin 'yan kasuwa da kamfanoni da ƙasashen da ba su san yana duniya ba. Wani dattijo da ya zo hoton fasfo ya zauna har ya yi gyangyaɗi, ya farka, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Sai-Ni ya sunkuya ya leƙa cikin akwatin da kyau, fankar ciki ta cafke laktayen ta fara naɗewa. Ya yi ƙara, Tela ya rugo da almakashi ya datse laktayen aro daga tsakiya. A wajen zaro guntun ne hannun Sai-Ni ya ci karo da wayar wutar faifan tana lilo, bai taɓa jona ta ba.

"Daman na sani," ya ce yana haki. "Gwada ku nake yi."

Allah cikin ikonSa, daga nan abu ya tashi. Aka kwashe hotuna zuwa sabon faifai, kwamfuta ta koma buɗe hoto kafin ka ɗauke yatsa. Sai-Ni ya sa el-bi-em ɗinsa ya yanka sabon faifan ɗakuna uku: ɗakin hotunan bukukuwa, ɗakin hotunan fasfo, sai na uku wanda ya fi su girma, nasa na kansa, inda ya zuba hotunan da aka yi masa da kwat. Tsohon faifan kuwa ya dube shi ya ga asara ce a bar fili haka a aljihun tebur. Da Mai Hoto ya fita, ya goge shi tas, ya cika shi maƙil da wasannin ƙwallo, ya mayar da shi inda aka ce ya ajiye.

Da a nan ya tsaya, da an sha. Amma Sai-Ni ba ya barin abu yana tafiya daidai. Ya ji a wani wuri cewa shi irin wannan faifai yana son a riƙa gaya masa wurin da aka daina amfani da shi domin ya share, ya ci gaba da sauri. Diskad ake kiran abin. A cikin saitin el-bi-em akwai layi ɗaya da ke kula da haka, da sifili a gabansa, wato a kashe yake. Mayar da sifilin nan ɗaya shi ne duk aikin, ko akuya aka ɗora wa ƙafa a kan madanni za ta yi. Amma sai da ya leƙa waje ya kira Mai Aski da Tela su zo su zama shaida.

"Ku matso. Abin da zan yi yanzu, a duk garin nan babu wanda ya san shi."

"Allah Ya sa kada mu kwana a duhu," in ji Tela.

"Kun ga wannan sifilin? Shi ne jahilci. Da can in an rushe ɗaki, shara na nan jibge a ciki, faifai yana ta fama da ita. Yanzu kallo." Ya danna. "Ɗaya! Daga yau duk ɗakin da aka rushe, nan take za a aika wa faifai saƙo, shi kuma ya bi shi da tsintsiya ya share ƙal. Ko ƙura ba za ta rage ba. Ko wanda ya ƙera faifan ya zo da kansa ba zai dawo da komai ba."

Mai Aski ya karkata kai. "Ko kai?"

Sai-Ni ya bugi ƙirji a daidai inda guntun laktaye ke reto. "Ko ni! In kuwa ka ji na ce ko ni, magana ta ƙare."

"To madalla," in ji Mai Aski. "Yau na ji abin da ya fi ƙarfinka."

Suka koma shagunansu suna dariya. Shi kuwa ya yini yana tare masu wucewa yana yi musu wa'azin diskad, har mai sayar da ruwa sai da ya sha bayani.

Ranar da ƙannen Mama suka iso, tun da hantsi aka share shago, aka jera kujeru gaban babbar talabijin da ke bango, aka jona ta da kwamfuta. Yayar Sai-Ni ma ta zo taya mijinta karɓar baƙi. Mai Hoto ya ja Sai-Ni gefe.

"Don girman Allah, yau ka zauna can kusa da ƙofa. Kada ka taɓa komai. Ko gaisuwa ka taƙaita."

"Ni da na gina wurin?"

"Kai ɗin dai."

Mama ta shigo da ƙannenta uku da wasu maƙwabta, turare ya cika shagon. Ta zauna a kujerar tsakiya ta ajiye jaka a cinya. Kujeru suka kasa, Mai Hoto ya fita aro a maƙwabta, ya ce minti kaɗan. Mama ta waiga ta ga Sai-Ni a tsaye bakin ƙofa da tabarau, ya harɗe hannu yana jiran a tambayi ko shi wane ne.

"Kai ɗan nan, kai ne mai sharar shagon? Ɗan goge mana gilashin talabijin ɗin, duk yatsu ne."

Ƙannenta suka ƙyalƙyale. Sai-Ni ya gyara tabarau. Shi? Mai shara? A gaban mata?

"Mama, ni ne injiniyan wurin nan. Duk hoton da za ki gani yau, a hannuna yake."

"Injiniya? Ba kai ne na fankar Mai Aski ba?"

"Fanka ƙaramin abu ce, shi ya sa ba ta fahimce ni ba."

"Ƙanina, zo ka zauna," in ji yayarsa a hankali.

Ina! Ya riga ya ja kujerar kwamfuta. Dariyar matan ta jawo Mai Aski da Tela sun tsaya a bakin ƙofa, bayansu masu jiran aski da 'yan kallo.

"Mama, kin ga wannan? Ɗakin bikin 'yarki kenan. Yanzu a kan idonki zan rushe shi, ya ɓace, sannan in dawo miki da shi kafin ki gyara mayafi."

"A kan me za ka rushe mini abu lafiya lau?"

"Don ki san bambancin injiniya da mai shara."

"Ni ban tambaye ka ba. Bar mini kayana."

"Ai na sha yi. Tambayi waɗannan."

"Ya sha yi kam," in ji Tela. "Shi kaɗai ne abin da ya iya."

Sai-Ni ya rubuta umarni ya danna. Na'urar ta tsaya ta tambaye shi ko da gaske yake, kamar yadda ta saba. Sai dai a wannan karon tambayar ta ƙara tsawo, da wata kalma da manyan baƙaƙe a tsakiyarta, kalmar nan dai da ya yini yana wa'azinta a kan titi. Da ya karanta da ya gani. Amma idonsa na kan ƙannen Mama.

"Kun ga, har izini take nema a wurina," ya ce, ya danna e.

Ɗakin ya ɓace daga allo. Matan suka yi salati. Ya miƙe ya zaga kujera sau ɗaya, ya busa yatsunsa, ya zauna, ya kira tsohuwar taswira. Sunan ɗakin ya dawo.

"Ga shi nan! Tafi fa?"

Wasu suka fara tafawa. Mama ba ta motsa ba. "Buɗe in gani."

Ya danna. Ɗakin ya ƙi buɗuwa. Ya sake dannawa, na'urar ta ce ba ta ga komai da za ta buɗe ba.

"Kunya take ji, mutane sun yi yawa," ya ce yana murmushin da bai kai ido ba.

Ya kashe ya kunna. Ya zare waya ya hura mata iska ya mayar. Ya ce wutar yau ba ta da ƙarfi. Ya ce zafi ne, ya karɓi mafici a hannun wata ƙanwar Mama ya shiga yi wa kwamfuta fifita. Ya kira wata taswirar da ta fi tsufa, ita ma ta kawo ƙofa babu kaya. Gumi ya jiƙa kwat ɗin aro har baya. A ƙarshe ya ce bari ya leƙa cikin ɗakin ta ƙasa, hanyar da sai manyan masana. Ya leƙa, abin da ke ciki ya fito a babbar talabijin kowa yana gani: sifili, sifili, sifili, layi bayan layi, har ƙasa.

Daidai nan Mai Hoto ya shigo da kujeru biyu a ka. Ya dubi talabijin, ya dubi ƙanin matarsa, ya sauke kujerun a hankali ya zauna a ɗaya.

"Mene ne wannan ƙwai-ƙwai da ya cika allo?" in ji Mama.

"Hotunan ne, Mama. Suna... suna shiri."

Mai Aski ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Ni dai ban san kwamfuta ba, aski na sani. Amma Injiniya, ba kai ka kira mu shekaranjiya ka ce duk ɗakin da aka rushe, faifai zai bi shi da tsintsiya ba?"

"Wannan daban."

"Ka ce ko ƙura ba za ta rage ba."

"Na ce wannan daban!"

"Har na ce ko kai? Tela, me ya ce?"

"Ya bugi ƙirji ya ce ko ni," in ji Tela. "Ina wurin. Ni na yanke masa laktaye."

Sai a lokacin abin ya sauka a kan Sai-Ni. Wasansa na kullum yana ci ne domin kayan na nan a ɗaki, taswira kawai ake ɓoyewa. Shi da hannunsa ya mayar da sifili ɗaya, ya ɗauko mai shara ya tsayar a bakin ƙofa, sannan ya rushe ɗakin bikin 'yar mutane. Tabarau ya zamo masa har ƙarshen hanci.

"Ba komai," in ji Mai Hoto. "Mama, kwantar da hankalinki. Tsohon faifai na nan, komai na ciki." Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko shi.

"Maigida..." in ji Sai-Ni.

"Matsa."

"Maigida, da dai ka bari tukuna."

Mai Hoto ya jona faifan. Talabijin ta cika da koren fili, wasu ƙarti suna bin ƙwallo, mai sharhi yana ihu.

Shagon ya yi tsit, ban da ihun mai sharhi. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Kai, wannan wasan na gani, biyu da ɗaya aka tashi."

"Akwai sauran ɗaki!" Sai-Ni ya yi wuf ya kama linzamin kwamfuta. "Wataƙila sun gudu can. Suna yin haka wani lokaci."

Ya buɗe ɗakin fasfo, fuskokin baƙi suka jeru sun ƙura wa jama'a ido. Ya rufe, ya yi sauri ya buɗe babban ɗakin. Sai ga Sai-Ni ya cika bango, da kwat da jan laktaye, ya dafa kwamfuta yana kallon sama. Hoton ya wuce, ga shi ya ɗaga faifai da yatsu biyu. Ya wuce, ga shi ya cije ƙafar tabarau yana tunani. Kowane hoto tar, ko gashin gira ana ƙirgawa.

Dariyar da ta fashe a bakin ƙofa har bakin layi an ji ta. Mai Aski ya riƙe ciki ya jingina da bango. Yayar Sai-Ni ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kowa ya zuba ido ya ga irin wankin da Mama za ta yi masa, don an san ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya wurin Mai Hoto.

"Ɗana, bar sauran. Akwai guda ɗaya. Lokacin da za ta shiga mota ta dawo da gudu ta rungume ni a bakin ƙofa. Na ga ka ɗauka. Shi kaɗai ka ba ni, na yafe sauran."

Mai Hoto ya sunkuyar da kai. Ya tuna hoton, don shi ne mafi kyau a cikinsu duka.

Dariya ta mutu. Mama ta daɗe tana kallon jakar da ke cinyarta, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kowa ya ga haka. Sannan ta share ido da gefen mayafi, ta ɗago, ta koma Maman da aka sani.

"Kai, Injiniya. Zo nan."

Ya matso yana jan ƙafa.

"Duk wanda ya zo bikin nan da waya a hannunsa ya zo. Za ka bi su gida-gida, ƙafa da ƙafa, ka roƙo mini duk hoton da suka ɗauka. In sun tambaye ka ina na mai hoto, ka gaya musu da bakinka."

"Mama, ai ana iya turowa ta waya, akwai wata hanya da na sani..."

"In ka sake cewa ka san wata hanya, da tangaran zan fasa maka kai. Da ƙafa na ce."

Ya waiga wurin yayarsa neman ceto. Ta sauke mayafi ta dube shi sama da ƙasa. "Ka cire kwat ɗin mutane kafin ka tafi. Kada shi ma ka share shi."

Haka Sai-Ni ya shiga gari. Labari kuwa ya riga shi isa ko'ina, amma babu gidan da aka ba shi hoto sai an zaunar da shi ya ba da shi daga farko. Wasu har maƙwabta suke kira. In ya yi ƙoƙarin ɗora laifin a kan wuta ko zafi, sai a ce a'a, ba haka muka ji ba, faɗi wurin bugun ƙirjin. Abin da ya tattaro kuwa sai wanda ya gani. Hoton da amarya ba kai. Hoton da yatsan mai waya ya rufe ango. Hoton wata baƙuwa ta cika allo da fuskarta, amarya can baya kamar ƙwayar gero. Hotunan farantin abinci kuwa ba a magana. Na bakin ƙofa, wanda Mama ta roƙa, babu mai wayar da ya ɗauka, domin a lokacin kowa kuka yake yi.

Mai Hoto ya zauna ya tsince masu ɗan dama-dama, ya gyara abin da zai gyaru, ya haɗa albam ya kai wa Mama da kansa yana ba da haƙuri. Ta shiga buɗewa shafi-shafi. Da ta zo shafin ƙarshe ta ga babu komai a kai, sai ta ce saura hoto ɗaya, a wanko mata shi babba, wanda yaron nan ya dafa kwamfuta yana kallon sama.

"Mama, me za ki yi da shi?" in ji Mai Hoto.

"Duk albam ɗin nan shi kaɗai ne ya fita da kyau. Kuma ina so jikokina su san fuskar wanda ya cinye bikin uwarsu."

Albam ɗin na nan a shagon tangaran, a kan kanta, tsakanin kofuna da farantai. Duk wanda ya shigo sayayya sai Mama ta buɗe masa, kuma daga shafin ƙarshe take farawa. Sai-Ni ya daina bi ta bakin layin, yana zagayawa ta bayan shaguna inda ake zubar da gashi da ƙyallaye. Ko a can bai tsira ba, don tagar Mai Aski ta nan take kallo. Da ya hango jakar nan mai aljihu barkatai sai ya ɗaga mashin ya leƙo.

"Ko-Ni! An fito? Zo mana, fankata na gaishe ka."